Uwar Allo a Titin Gilmore

Tun asuba ruwan Manila ke tsugewa.
Na sauko daga jirgin ƙasa rungume da akwatin ƙarfe
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Shekara bakwai ke nan tana nishi,
kwamfutar da Efren ya bar mini
ranar da jirgin ruwa ya tafi da shi.

Daren Asabar, in teku ta yi sassauci,
in layi ya kama a tashar da suka yada zango,
cikin wasa muke haɗuwa, ni da yayana:
shi a gaba da garkuwa, ni ina tsare masa baya.
Amma bana, da zarar faɗa ya kaure
sai hoto ya sandare.
Kafin ya saki, an riga an kashe shi
shi kaɗai a bakin gada, yana kiran sunana.

Mang Teroy ya kwance noti huɗu,
ya leƙa ciki, ya ja tsaki.
"Perlita, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa.
Katin hotonki lafiyarsa lau,
mai gudu ne aka haɗa shi tafiya da gurgu."

Na ce to a sake ƙwaƙwalwar kawai.
Ya yi dariya har haƙorin azurfarsa ya leƙo.
"Sabuwar firosesa ba ta zama a tsohon gurbi.
In kin sake ta, sai kin sake uwar allo.
In kin sake uwar allo,
ram ma zai ce bai san zancen ba."
Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Ya shimfiɗa biyu a kan gilashi.
Ɗaya na ƙyalli da fitilu kamar bakan gizo,
kuɗinta dare talatin ne
na sauya wa marasa lafiya ledar ruwa.
Ɗayar baƙa ce wuluk, ba ado,
ramukan ram huɗu, soket mai sauran shekaru a gaba.
Idona na kan mai fitilu,
hannuna na cikin jaka yana lissafi.

"Fitila ba ta ƙara gudu," in ji shi.
"Mai zuciya takwas kike so, ko mai shida?
Takwas ta masu yanka bidiyo ce.
Ke yayanki kawai kike son tarewa."
Ban tuna na gaya masa haka ba.
Wataƙila fuskata ce ta yi surutu.

Daidai ruwa, daidai tsaki.
Na ɗauki baƙar, da mai zuciya shida,
canjin ya ishi fanka da kuɗin mota.

Ya ce ni zan saka da hannuna.
Yatsun da ke gano jijiya a hannun jariri
ga su suna rawa a kan ɗan murabba'in ƙarfe.
Alamar zinariya ta dubi alamar zinariya.
Kada ki danna, ki bar ta ta zauna da kanta.
Man sanyaya, kamar ƙwayar wake, kada ya wuce haka.
Na latsa maɓalli.
Fanka ta juya, ta tsaya, gabana ya faɗi,
ta sake juyawa.
Rubutu ya bayyana.

Tsohuwar firosesar na naɗe ta a rasit,
tana aljihun rigar aikina har yanzu.

Asabar ta zo. Ƙarfe goma, sha ɗaya.
Sunan Efren bai yi kore ba.
Ko hadari ne, ko aiki, ko layi, oho.
Na tsaya a bakin gadarmu ni kaɗai
ina kallon kogin da ke ƙarƙashi.
Shekara nawa ina tsallake shi,
ban san yana tafiya ba,
ban san akwai kifi a ciki ba.

Zan jira har ƙarfe ɗaya.
Garkuwarsa tana nan inda ya jingine ta.