Gwangwani Goma Sha Bakwai

Yaran sun watse, ɗakin ya yi tsit,
sai kukan fanka da hon ɗin keke daga titin Jekadafari.
Na zazzage buhu a kan tabarma:
dabbobin roba, murafun kwalba, cokalin shayi,
kowa ya yini a gidan da ba nasa ba.

Katunan da aka aiko mana daga waje
tufa ce a jiki, da dusar ƙanƙara.
Babu ɓera, babu ɗan tsako,
babu harafi ko ɗaya mai lanƙwasa a ka.
Sai na rataya jaka na shiga kasuwa
ina tsintar baƙaƙe a teburan 'yan koli.
Gwangwanayen madara kuwa Jauro mai shayi ya tara min.
Ya ce, Malama, awo za ki fara?
Na ce, eh, awon magana.

Gwangwanin Ɓa: ɓera, ɓawon gyaɗa, busasshen ɓaure.
Na Tsa: tsintsiya mai tsawon yatsa
da tsuntsun da fiffikensa guda ya karye.
Ka da Ƙa ba na ajiye su kusa,
kifi a nan, ƙwarya can bakin taga,
don harshe ya san akwai tafiya a tsakani.
Gashin zabo na masu koyon hura iska ne,
madubi na masu neman leɓensu.
Maɓallai sai saman kabad,
Dudu komai ta gani baki take kaiwa.

Ina wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan ɗumi,
yawun yara goma sha ɗaya,
in shanya a faifai kamar kuɓewa.

To, ga aikin Hammadi.
Shekara huɗu da wata biyar,
bai taɓa ce min uffan ba.
Daga Kwami uwarsa ke kawo shi duk Laraba,
kuɗin mota a ƙulle a gefen mayafi,
ta zauna a benci tana kallon bakinsa
yadda manomi ke kallon gabas.
Kullum sai ya hargitsa min tsari.
Ludayi ya bar 'yan uwansa ya kwanta cikin ƙwarya,
akuya ta tura kai cikin ɓawon gyaɗa.
Na yi tsaki, na fara mayar da kowa gidansu.

A ƙasan gwangwanin Ka na tarar da makulli.
Ya matse shi a bakin kwaɗon roba,
koren nan mai ido waje,
har roba ta tsage.

Na daɗe riƙe da su a tafin hannu.
Wa ya gaya masa?
A ɗakin nan ban taɓa nuna masa na ƙofa ba.
Can gida ya ji ana cewa a sa kwaɗo,
nan ya ji na ce kwaɗo,
ya ɗauki kalmar ya juya ta, ya ga fuska biyu gare ta,
ya yi min barkwanci
ya tafi bai jira dariyata ba.

Wata bakwai ina ƙwanƙwasa,
ashe mai gidan yana ciki yana jina.

An ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Da fitilar waya na laluba bayan kabad,
na samo gwangwani na goma sha takwas,
har yanzu yana ƙamshin madara.
Na sa su a ciki yadda ya bar su.
Ban rubuta masa harafi ba tukuna,
Laraba sauran kwana shida.