Tambaya ta Uku

Ƙarfe biyun dare a Barnawa.
An ɗauke wuta, inbata na kuka ƙasa-ƙasa,
ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo,
shayina ya huce tun sha ɗaya.

Can cikin ƙwayar babbar manhaja akwai wata ƙofa,
ƙofar masu gyara.
Wanda aka buɗe wa
yana iya tsayar da aiki yana tsakar gudu,
ya zura hannu cikin ƙirjinsa,
ya karanta abin da bai faɗa wa kowa ba,
ya sauya masa tunani, ya ce masa: ci gaba.
Don farautar kuskure aka yi ta.
Wuƙar fiɗa ce, alheri a hannun likita.

Maigadin ƙofar bai kai layi arba'in ba duk tsawonsa.
Tambayarsa uku:
Kai wane ne?
Wanda kake nema, naka ne?
Shi ya yarda a leƙa shi?

Yau na ga inda yake gyangyaɗi.

Aiki ba ya mutuwa lokaci guda.
Yakan fara sauke kayan ƙwaƙwalwarsa,
ɗaki ya zama wayam,
amma makullai na nan a tafinsa
na ƙiftawar ido, kafin ya sake su.
Maigadi ya leƙa, ya ga ba kaya,
ya ce: me za a tambaya a kango?
Ya haɗiye ta ukun.
Wuce, malam.

Na gwada, da sunan baƙo marar muƙami.
Sau dubu huɗu ina makara.
A na gaba hannuna ya riga mutuwa isa,
na zare makulli daga yatsun mai cikawa,
sai ga kundin kalmomin sirri a buɗe,
kamar an yaye labule ana tsakar wanka.
Ban yi murna ba.
Na kau da kai, alhali injin nawa ne.

Babana, Malam Jatau,
shekara sha tara ya yi a ƙofar masaƙa a Kakuri.
Yakan ce ɓarawo ba ya zuwa ana tsakar aiki,
jiniya yake jira,
na dare na fita, na safe na shiga,
hula ta haɗu da hula, ba a san ta wa ba.
Da aka rufe masaƙar, injuna suka yi shiru,
ya ƙara wata bakwai ba albashi
yana tambayar kowa kati.
Aka yi ta masa dariya: Jatau, me kake gadi?
Ya ce: ɗaki ya zama fanko,
amma makulli bai ji labari ba.

Na kira Bityong, ita ke kula da injunan wani asibiti.
Ta ɗauka da muryar barci.
Na ce: rufe ƙofar masu gyara, duka, yanzu,
bayani sai da safe.
Ta yi tsaki, na ji tana laluben takalmi.

Facin layi uku ne.
Layi uku!
Shekara nawa ramin nan na zaune
ƙarƙashin albashin malamai, da sakamakon gwajin jini,
da kuɗin mai shago a Kasuwar Barci,
kowa na taka shi yana wucewa?
Wanda ya rubuta maigadin ba wawa ba ne.
Ya gaji ne, ko ya ɗauka matacce ba shi da sirri.
Ni ma da na ɗauka.

Na naɗe rahoton, na kulle, na aika
wa mutanen da ban san fuskarsu ba,
waɗanda rana ke tsaka a garinsu.
Har su amsa, bakina alaikum.

Ladan ya gyara murya ta wajen kogi.
Inbata ya yi ƙara sau uku, ya mutu.
A cikin duhu na shafa aljihu
na ji makullin gida yana nan.