Hannayen Tegwen

Jirgin ƙasan asuba yakan kwashe mu daga Llanelli
tun duhu bai saki duwatsu ba.
A ƙofar masana'antar Pembrey
mu cire zobe, mu cire allurar gashi.
Ƙarfe ba ya shiga.
Tartsatsi ɗaya ya ishe mu duka.

Tegwen ce a gefena.
Hodar harsashi ta rine ta,
fuska, tafin hannu, har gaban gashi,
kamar ta kwana cikin gangamau.
Sabulu ya gaji, ita ma ta haƙura.

Wasiƙar Emrys tana ninke a ƙirjinta.
Takarda ba ƙarfe ba ce,
mai gadi yakan bar ta ta wuce.

Ranar Lahadi a majami'a
ta sa safar hannu don idon mutane,
amma da aka ɗauko waƙar da yake so
sai ta tuɓe,
ta riƙe littafin da hannayen nan biyu.

Albashinta: takalmin ƙaninta, gawayin uwarta.

A hanyar gida tari ya turnuƙe ta.
"Iskar teku ce," in ji ta.
Ban tanka ba.
Na cusa nawa hannun a aljihu.