Gorar Ruwan Kwatano

Na dawo Maradi da jikka ɗaya da rabi a aljihu,
da rairai cikin takalmi,
da gorar roba cike da teku.

Inna ta ce, "Lawali, wannan ce tsarabar?"
Ta kurɓa, ta tofar,
ta ce wa ya yi ɓarnar gishiri haka.

Shekara biyu ina tarin kuɗin nan
daga facin taya a bakin tasha.
Kwana uku na yi can, ni kaɗai,
a barandar wani ɗan Tibiri, jaka ce matashina.
Garin rogo da ƙuli, safe da yamma.
Masu babur suka gaji da kirana,
ƙafa ba ta karɓar ko dala.

Ruwan nan ba ya zama, Inna.
Ya zo da gudu, ya taɓa idon sawuna, ya koma,
kamar mai bin bashi mai kunya.
Kwakwa ɗaya na saya, na sha a tsaye.

Yau na gangara Gulbi, ya ƙafe,
yara na buga ƙwallo a cikinsa.
Na tsiyaya masa kaɗan, ya ji labari.
Sauran na ajiye kusa da rediyo.