Ƙofar Fita

A Tudu, bayan tashar mota,
inda hayaƙin tuyar kifi ke riga rana tashi,
Kawu Mumuni ya yi shekara talatin kan benci guda
yana canjin sidi da sefa da dala.
Ba shi da allo mai ja da kore.
Littafi gare shi mai shuɗin bango, da biro ɗaure da zare,
da kunnen da ke jin sidi zai zame
tun rediyo bai gyara murya ba.

Ni kuwa da waya na zo duniya.
Daga ɗakina a Nima, ƙarfe biyun dare,
ina sayen zinariyar da ban taɓa riƙewa ba,
ina sayar da kokon da ban ga buhunsa ba.
Sati uku kasuwa na yi mini murmushi,
na ɗauka so ne.
Na sayi takalmi. Na fara gyara wa manya zance.

Daren Talata, ruwa na dukan kwano,
farashi ya tsinke kamar igiyar guga.
Na ce zai dawo. Na ƙara.
Na ce dole ya dawo,
na zuba adashen Salamatu da ta ba ni ajiya.
Kafin ladan ya yi kiran farko
ba abin da ya rage sai hasken waya a fuskata.

Kawu bai yi faɗa ba.
Ya matsa mini a benci, ya ɓare goro, ya miƙo ɓari.
Ya ce, "Sidiku, wanda ya shiga masallacin Juma'a
bai lura da ƙofar da ya bar takalminsa ba,
ƙafa a ƙasa zai koma gida.
Kai da ka shiga, ta ina ka shirya fita?"
Na tauna goro. Ɗaci ya amsa a madadina.

Ya buɗe littafin. Na zaci riba zan gani.
Asara ce, layi bayan layi, da jan biro,
ƙanana, kamar cizon sauro.
"Kowacce ni na yanka mata iyaka tun kafin ta zo.
Ban taɓa yin wadda zan kasa faɗa wa Rakiya
ina kallon idonta ba."

Wani ya tsaya da sefa, suka yi raɗa, ya wuce.
Kawu bai saya ba.
"Ya ce gobe za ta tashi.
Labarin da ya iso bencin nan
ya riga ya ci tuwo a gida goma,
mu kwano aka bar mana."

Na ce zan ci bashi in rama.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ka rama wa? Kasuwa ba ta san sunanka ba.
Odaw in ya cika ya tafi da katifarka,
za ka bi shi da mari?
Kuɗin aro kuma tsani ne,
yana kai ka sama da wuri,
amma gindinsa a hannun wani yake."

Ranar har la'asar bai canza ko kobo ba.
Ya ce zama ma ciniki ne,
shi ne wanda yara ba su iya ba.

Wata bakwai na yi ina biyan Salamatu.
Ba ta ce komai ba, wannan ya fi zafi.
Yanzu ni ma ina da littafi, bangonsa ja.
Kafin in taɓa waya sai na rubuta abu biyu:
dalilin shiga, da inda zan ce na yi kuskure.
Jiya da dare ja ya sauko, ya taɓa iyakata.
Yatsana ya yi rawa. Wata murya ta ce zai dawo.
Na fita.
Na rubuta sidi arba'in da jan biro,
na duba takalmina a bakin ƙofa,
na kashe fitila.