Littafin Awon Naino

Muryarsa, ku tambayi gidan rediyo.
Ni awonsa na riƙe.
Ga littafin nan, bango ya tafi, gara ta ci gefe,
shekara talatin da huɗu na kafaɗar mutum guda.

Shafin farko: ƙugu kamar na zanzaro.
Lokacin dakon gyaɗa yake a bakin sikeli,
yana waƙa don ya manta da wuyansa.
Ya zo shagona bayan babbar kasuwar Maraɗi
da akoko yadi uku, shi ma bashi,
ya ce, Ɗan Jimma, rigar da za a hango daga nesa,
aljihu kuma ya yi zurfi.
Na ce, kuɗin ɗinki fa?
Ya shafa maƙogwaro ya ce, suna nan ciki.

Da Samariya ta ja shi wasan kwaikwayo
ni na yi masa kakin jandarma,
na yi rigar alƙali,
na yi tsumman mahaukaci.
Tsumman ya fi ba ni wuya:
sabon yadi na yaga da hannuna, raina yana ƙuna.
Daren da ya mutu a dandali
wata tsohuwa daga Tibiri ta hau tana salati,
ta cire mayafi za ta rufe shi.
Ya buɗe ido ɗaya ya ce, Inna, saura mini fitowa biyu.

Sai Yamai ta kira, Kano ta kira.
Kaset ɗinsa a kowace tasha,
direbobi na haddace shi kafin su kai Madarunfa.
Ƙugu ya ƙara yatsa huɗu, shadda ta kori akoko.
Daga nan shekara bakwai shafi fari fat.
An ce ya yi wani tela a Abijan.
Ba zan ɓoye ba, na ji zafi.
In rediyo ta sako shi
sai in taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke.

A motar haya ya dawo, da garaya da tari.
Ya zauna a bencina kamar jiya ya tashi,
ya miƙo babbar riga: rage mini.
Na rage.
Bayan wata uku na sake ragewa.
Murya ta riga shi tafiya,
sai yatsu ke kiɗa a kan teburin yanka,
ni ina binsu da almakashi.

Awon ƙarshe ban rubuta ba.
Farin yadi, ba wuya, ba aljihu,
shi kaɗai ne ɗinkin da bai dawo da shi gyara ba.

Jiya yaron shagona ya ji shi a rediyo,
ya ce, Baba, wane ne wannan?
Na buɗe masa shafin farko.
Can ƙasa, da fensir,
dala arba'in na rigar akoko.
Ban soke ba har yau.