Gaba Goma Sha Ɗaya

Haladu, ni na goya ka a Bukur,
inda ruwa mafi girma da muka sani
shi ne ramin da masu haƙar kuza suka bari,
kore shar, shiru, ba ya nuna gindinsa.
Shi ya ci Sale, sa'anka, wata Laraba.
Kowa ya ƙaurace masa. Kai ka koma da safe
da igiyar gugan Inna, dutse ɗaure a bakinta,
wai sai ka san zurfin abin da ya yi mana haka.
Gaba goma sha ɗaya.
Inna ta zane ka, ba ka yi kuka ba,
lambar kawai kake ta maimaitawa.

Da aka ce za ka karatun teku
Baba ya ce, ɗan kan dutse,
me ya haɗa kifi da kaska?
Ka tafi. Wasiƙunka Malam Tanimu ke karanta mana:
yadda ake kafa turken ƙarfe a ƙasan ruwa,
igiya ta doke shi shekara hamsin bai rusuna ba,
yadda gishiri ke cinsa a hankali
kamar bashi a wuyan mai kunya.

Ran da suka damƙa maka jami'a
na zo, na ga hularka mai kama da fanke.
Ka sunkuyo kunnena ka ce,
Yaya, teku ya fi sauƙi,
shi ko zai yi fushi yana bin lissafi.
Yajin aiki, albashi ya maƙale,
ɗalibai sun garƙame ƙofa saboda ruwan wanka,
wani babba ya aiko da ɗansa da bai ci ba.
Ka mai da shi.
Shekara biyar, furfura ta gama da kai.
Ka bar musu kwamin gwajin igiyar ruwa
da burtsatse bakwai,
ka fito da akwatin da ka shiga da shi.

Yanzu ga ka a Jos, sanyi na cin gwiwa.
Jiya ka ce in raka ka Bukur.
Ramin na nan, 'yan lambu sun sa masa inji,
yana shayar da kabeji da karas.
Ka zaro wata 'yar kwalba daga aljihu,
ka ce ga teku, in ɗanɗana.
Na tofar.
Duk wahalar nan a kan ruwan da ba ya shayuwa?
Ka yi dariya har da tari,
sannan ka juya ga yaron da ke gadin injin
ka ce, samari, ko kana da igiya?